Maraƙin Inna Dije

Da sunan Allah nake farawa, Mai tsare wanda ya kama hanya da wanda aka bari a gida.

Uwata,

Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina roƙon Allah Ya kai ki Gwaram lafiya ke da maigidanki, Ya sa ku sauka cikin mutanen kirki, Ya raba ku da sharrin hanya da na baki. Tunda sunan mahaifiyata aka sa miki ban taɓa iya kama sunanki ba, kuma ba a takarda zan fara ba. Na ba innarki wannan wasiƙa ta saka miki cikin kaya. Kada ki buɗe sai kin huta, don doguwa ce, kuma abin da ke cikinta ba irin wanda zan iya faɗa miki ido da ido ba ne.

Tun da aka ji ke aka ɗauka sakatariyar ƙungiyarmu ta masu kiwon Bunaji, wato fararen shanun nan namu, mutane suke ta sallama a ƙofar gida suna yi mini barka, wai 'ya ta gaji ubanta. Ina amsawa da fara'a, amma maganar ba ta yi mini daɗi, domin ni na san abin da ke cikin gadon. Kin yi karatun dabbobi, kin fi ni sanin sunan cuta da magani. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda ubanki, da kyakkyawar niyya da farar riga, ya kusa kashe irin shanun da ya rantse zai raya.

Bari in fara gaya miki abin da ke gabanki, don ki karanta sauran da shi a rai. A Zandam, a garken kawunki Malam Buba, akwai wani maraƙi namiji da bai cika shekara biyu ba. Jinin Fure ne, wato zuriyar wata tsohuwar saniya da mata suka daɗe suna labarin nononta daga Zandam har Kiyako. 'Ya'yan kawunki sun yanke cewa da sanyi ya shigo za su dandaƙe shi ya zama san huɗa. Ga shi yanzu an fara yankan dawa. In suka taɓa shi, ban san wani namiji na wannan zuriya da ya rage a ƙasar nan ba, kuma ƙungiya ba ta da abin da za ta gyara ɓarnata da shi.

Yadda aka zo nan kuwa, ga shi.

An haife ni a ruga kusa da Kiyako, amma ban daɗe a bayan shanu ba. Aka sa ni makaranta, daga nan na faɗa Kano, na shiga harkar motocin da ke ɗaukar shanu zuwa kudu. Fulatancin ma ya zube mini a hanya, sai gaisuwa da zagi. Shekara da shekaru ina tsaye a bakin mota ana loda dabbobi, ina kallon farare suna raguwa, ana kawo wasu masu dabbare-dabbare da ba ka iya cewa ga ubansu ga uwarsu. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Farar saniyar nan tamu mai baƙin kunne da baƙin hanci, wadda take tafiyar yini ba ta durƙusa ba, ta haihu a daji ba wanda ya taimake ta, ita ce ake ta sakar wa kowane irin sa har kamanninta suna ɓacewa. Da na dawo Birnin Kudu na zauna, sai na tara mutane muka kafa ƙungiya. Aka ba ni shugabanci saboda na iya rubutu, na iya tsayawa gaban ma'aikatan gwamnati ban yi in'ina ba. Ni kuwa na ɗauka don na fi kowa sanin saniya ne.

Kuskurena na farko ƙarami ne a ido. Na sa taronmu a cikin gari, a wani zaure kusa da kasuwa, da hantsi. Uwata, wane makiyayi ne yake da hantsi? A lokacin an gama tatsa, an kwance maruƙa, garke ya nufi daji. Waɗanda suke cika mini zaure su ne irina, 'yan kasuwa da direbobi da 'yan fansho, masu shanu a hannun wasu. Mu sha shayi, mu yi ta maganar Bunaji, wani ma in ka kai shi garkensa sai an nuna masa nasa. Masu sanda a kafaɗa ɗaya biyu ne suke zuwa, su zauna bakin ƙofa, ba su cewa komai. Na ɗauki shirunsu a matsayin yarda. Saboda haka ke ki kai taronki inda shanu suke. Ki bi su mashaya da la'asar, ki zauna a ƙasa kamar kowa. In kin ga wanda ya yi shiru tun farko har ƙarshe, ki tare shi bayan an watse ki tambaye shi shi kaɗai, don sau da yawa shi ne bai yarda ba.

A wannan zaure muka yanke shawarar ƙungiya ta mallaki bijimi guda, tsantsar Bunaji, wanda zai riƙa zagaya garkunan 'yan ƙungiya yana barbara, kowa ya samu iri mai kyau. Shawarar ba ta da laifi, har gobe ina kan haka. Laifin yana wajen wanda aka tura ya zaɓo, kuma ni ne na tura kaina.

A kasuwar Sara na gan shi. Har yau in na rufe ido ina ganinsa. Fari tas kamar an wanke shi da sabulu, ƙahonin nan sun tashi sun buɗe daidai wa daida, tozo ya cika ya kwanta gefe, kunne baƙi, hanci baƙi, gezar wutsiya baƙa. Mutane sun yi masa da'ira suna kallo. Na tambayi dillali shekarunsa, na duba haƙori, na duba kofato, na sa aka zagaya da shi. Tambaya ɗaya ce ban yi ba, kuma ko a raina ba ta zo ba. Na sa masa suna Gwamna tun kafin a ɗora shi a mota.

Da muka iso gida aka ɗaure shi a ƙofar gida, unguwa ta fito kallo. Innarki ta leƙo, kina goye a bayanta. Ba ta kalli tozon ba, ba ta kalli ƙahon ba, kunnensa ta tsura wa ido, inda aka yi masa tsagar shaidar garken da ya fito. Da na shiga ciki ta kawo mini ruwa, ta ce ta san wannan shaida, ta wasu mutane ce da suka taɓa yin damina kusa da Zandam, ƙawarta ce take tatsar shanunsu. Ta ce in dai wannan ne maraƙin da take zato, uwarsa kyau ne da ita kawai, ko ɗanta ba ta iya ƙosarwa, da nonon wata saniya aka raine shi. Na ce mata maruƙa nawa ne a duniya masu tsagar kunne. Ta ce in tura a tambaya, ai ba nisa. Na ce mata ta bar maza su yi aikin maza. Ta ɗauki kwanonta ta fita.

Ranar da aka nuna Gwamna ga 'yan ƙungiya, kawunki ya zo tun daga Zandam. Kin san shi yayan innarki ne, surukina, mutumin da ya kamata in cire takalmi kafin in gaishe shi. Ya zagaya bijimin sau ɗaya, ya dawo ya tsaya, ya jingina da sandarsa. A gaban kowa ya ce, "Alhaji, wace ce uwarsa?"

Raina ya ɓaci nan take, don na san daga inda tambayar ta fito. Na ce, "Malam, bijimi muka saya, ba aurensa za mu yi ba balle a binciki dangi."

Wurin ya kwashe da dariya. Na ji daɗin dariyar nan, kada in ɓoye miki, har na waiga ina kallon masu yinta. Kawunki ya gyara hularsa, ya yi sallama, ya tafi. Daga ranar bai sake taka taronmu ba, bai kuma yarda Gwamna ya shiga garkensa ba. Ni kuma na riƙa ba da labarinsa a matsayin misalin mutanen da ba sa son ci gaba.

Ki riƙe wannan da kyau, Uwata. Bijimi ba ya ba da nono, amma nonon uwarsa yake rabawa 'ya'yansa mata. Wanda ya san nonon uwar kuwa ba mai sanda ba ne, ba dillali ba ne, ba shugaban ƙungiya ba ne. Matar da take tsugunawa ƙarƙashinta kowace safiya ce. Mata suna riƙe da zuriyar shanu a ka, wance ta haifi wance, wance tana kai wata nawa tana ba da nono, wance tana ƙafewa da an shiga rani, wance tana harbi. Mu maza mun kafa ƙungiyar raya saniya, ba mu taɓa kiran mai tatsa ko ɗaya ba. Ke mace ce, kina iya sallama ki shige har inda ake kaɗa nono, wurin da ni sai dai in tsaya daga waje. Kada a kawo miki sa a ce ki sa hannu sai kin ji labarin uwarsa da kakarsa daga bakin mata biyu da ba gida ɗaya suke ba.

Abin da ke da wuya a harkar shanu shi ne kuskure ba ya nuna kansa da wuri. Manomi in ya shuka mugun iri, kaka za ta gaya masa. Mu kuwa sai saniya ta ɗauki ciki, ta haihu, maraƙar ta girma ta zama karsana, ita ma ta ɗauka ta haihu, sannan a sa ƙwarya a ga abin da ke hantsarta. Shekara biyar ke nan ko fiye. A tsawon wannan lokaci ni ina ta shan yabo. 'Ya'yan Gwamna suka fito farare kyawawa, duk wanda ya gani sai ya ce tubarkalla. Kowa yana rububin a kai masa shi. Na sa aka riƙa yawo da shi daga Kiyako zuwa ƙauyukan Gwaram, wata biyu nan wata biyu can, har na hana wasu riƙe nasu bijiman, na ce suna ɓata mana iri. Da yawa suka ji maganata suka dandaƙe nasu ko suka kai kasuwa. Cikin waɗanda aka rasa haka akwai jikokin Fure guda biyu da na sani.

Kuma ban tsaya nan ba. Da 'ya'yansa suka isa, ya kamata a ce an janye shi an kawo wani, don kada ya hau 'ya'yan cikinsa. Kowane yaron ruga ya san wannan. Amma ina son Gwamna kamar yadda mutum yake son abin da ya sa aka san shi, na yi ta cewa a ƙara masa shekara ɗaya. A wasu garkunan ya koma kan 'ya'yansa, aka fara samun maruƙa marasa ƙwari, ƙaramin zawo sai ya kwantar da su. Ke ki rubuta wane sa ya shiga wane garke da kuma yaushe, ki fitar da shi kafin 'ya'yansa su kai. Kada kuma ki taɓa tara ƙasa guda a bayan bijimi ɗaya, ko da kin tabbata da shi. Ki bar wa mutane nasu, ko ba su yi miki kyau ba.

Sai karsanan farko suka fara haihuwa. Labari ya fara zuwa a hankali, daga bakin mata tukuna. A kasuwar Birnin Kudu masu tallar nono suka riƙa cewa farare 'yan ƙungiya ba su da komai a hantsa, in an bar wa maraƙi ba a samu na gida ba, in an tatsa maraƙi ya rame. Innarki tana jin wannan duk ranar kasuwa, ta dawo ba ta gaya mini ba. Da maganar ta iso zaure, me kike tsammani na ce? Na ce rani ne ya yi tsanani. Na ce ba a ba su harawa da dusa yadda ya kamata. Da aka matsa, na ce mata ne suke ɓoye nono suna sayarwa a bayan mazansu. Wannan maganar ta fi kowacce muni cikin abin da bakina ya taɓa furtawa, don akwai gidajen da aka yi rigima saboda ita. Ina jin kunyarta har yau.

A daidai lokacin kuma baƙi suna zuwa ganin aikinmu, ma'aikata da masu son sayen iri. In tsaya gabansu in ce Bunaji in ta samu kulawa ba abin da saniyar Turai za ta nuna mata a nono. Ƙarya ce, kuma na san ƙarya ce. Saniyarmu ba ta cika bokiti. Abin da take da shi daban ne: tana jure rana, tana jure tafiya, kaska ba ta kayar da ita da wuri, tana rayuwa a kan kara da ƙaiƙayi a watan da 'yar Turai sai an yi mata inuwa da likita, ɗanta kuma yana jan garma. In an dace da zuriya mai kyau, tana ba da nonon da zai riƙe maraƙi ya riƙe gida har ruwa ya sauka, ga mai. Wannan ya isa a yi alfahari da shi. Da na ƙara gishiri, sai mutane suka auna maganata da abin da suke gani a ƙwarya, suka ce ashe duk zancen Bunaji zancen banza ne. Ba su ce Gwamna ne ba shi da kyau ba, cewa suka yi farar saniya ce ba ta da nono. Masu hali suka koma allurar ɗaukar ciki ta irin waje, marasa hali suka saki shanunsu ga kowane sa ya samu. Ki yabi saniyarki da abin da take da shi kawai, in an tambaye ki abin da ba ta iyawa ki faɗa da bakinki kafin wani ya faɗa.

Gwamna ya tsufa muka sayar wa mahauta. Ƙungiya ta rage saura mu 'yan kaɗan, sai da matasa irinku suka taso aka sake hura mata wuta, aka mai da ofis Gwaram. Duk wannan tsawon lokaci ban je Zandam na ce wa kawunki na yi kuskure ba. Muna haɗuwa a suna da jana'iza, in durƙusa in gaishe shi, ya amsa, shi ke nan. Innarki takan tafi ganin gida ita kaɗai. Sau ɗaya na taɓa ce mata, cikin wasa wai, ashe maganarki ta fito. Ta ce ita ba ta so ta fito ba. Na gwammace a ce zagina ta yi. In kin yi kuskure a gaban jama'a, Uwata, ki gyara shi a gaban jama'ar nan, kuma a makon, don kullum aka kwana ƙafa tana ƙara nauyi.

To, da na ji labarin maraƙin nan da abin da ake shirin yi masa, na ce wannan karon ba aike zan yi ba. Makon jiya na hau mota zuwa Gwaram, na ɗauki ɗan acaɓa ya kai ni Zandam, na isa da sassafe ana cikin tatsa. Kawunki ya tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, amma ya gane muryata. Aka shimfiɗa mana tabarma. Bayan gaisuwa na ce masa na zo ne in nemi gafarar maganar da na faɗa masa ranar Gwamna. Ya ce ya yafe tun a hanyar komawa gida, abin da ya hana shi dawowa shi ne ba ya son ya sake sa ni in yi wa babba rashin kunya a gaban mutane. Na rasa inda zan sa fuskata.

Da na kawo maganar maraƙi, ya ce ai ba nasa ba ne. Fure saniyar sadakin matarsa ce, Inna Dije, don haka duk abin da ya fito daga tsatsonta nata ne, yaran ma ba su isa su taɓa shi ba sai ta ce to. Sun dai dame ta ne da cewa suna bukatar san noma, ita kuma ta gaji da riƙe bijimin da ba mai nema. Ya ce in je in same ta da kaina.

Na same ta a bakin turke, ta gama da saniya ɗaya tana ɗauraye hannu. Shekarun nan duka ina shugaban masu kiwon Bunaji, ranar ce ta farko da na tsuguna gaban mai tatsa da bukata a bakina. Na faɗi abin da ya kawo ni, na ce ƙungiya tana roƙon a ba ta aron maraƙin idan ya isa, za a kula da shi, a dawo mata da shi. Ta saurare ni har na gama. Ta nuna mini shi, yana ɗaure can gefe. Ba wani abin kallo ba ne, fari ne dai, ƙafafu dogaye, ƙaho bai gama fitowa ba.

Sai ta ce, "Alhaji, ga shanun nan a gabanka. Nuna mini uwarsa."

Shanu shida ne a wurin. Uwata, na san jarrabawa ce. Na gaya wa kaina in yi hankali. Na dube su ɗaya bayan ɗaya, na daɗe ina dubawa, ina tuna duk abin da na rubuta miki a sama, wanda na yi shekaru ina nanata wa kaina. Sannan na ɗaga hannu na nuna wata doguwa mai cikakken tozo da ƙaho madaidaici. Na ce a raina ai hantsarta ma ba laifi.

Inna Dije ba ta yi dariya ba, da ma ta yi. Ta ce wannan da na nuna jikar Gwamna ce, ɗanta ya karɓo ta a musaya ba da saninta ba, kuma ita ce ba a ko kai mata ƙwarya. Ta taka ta dafa wata 'yar guntuwa a ƙarshen layi, ƙaho ɗaya ya karkace ƙasa, ƙashin baya a waje, irin wadda da a kasuwa na gan ta ko tsayawa ba zan yi ba. Ta ce wannan ce, ƙashin da nake gani kuwa nono ne ya cinye naman. Haihuwarta shida, ba ta taɓa ƙafewa kafin ruwa ba.

Ta ce, "Ba mugunta gare ka ba, Alhaji. Ido ne da kai, kuma har yanzu shi kake bi. Ba zan ba ka maraƙin nan ba."

Na ce ta yi gaskiya.

Ina shirin tashi ta tambaye ni ko gaskiya ne 'yar ƙanwar mijinta ce za ta riƙe ƙungiya. Na ce gaskiya ne. Ta ce to in turo ki. Ki zo ki yi kwana bakwai a gidan, ki tashi da ita ku yi tatsa tare, ta ga hannunki ta ji irin tambayar da kike yi. Za ta hana yaran taɓa maraƙin har a gama sussukar dawa, daga nan ba ta yi alkawari ba. In kin kwanta mata, za ta ba ki aronsa, ta kuma kai ki wajen wasu mata biyu a ƙauyukan da ke bayansu da suke da karsanan wannan zuriya. In ba ki kwanta mata ba, gara ya ja garma da a sake yawo da sunan Fure a bakin mutanen zaure.

Don haka kada ki tsaya gyaran ofis. Kujera da tambari za su jira ki, sussuka ba za ta jira ba. Ki nemi izinin maigidanki tun a daren farko, na riga na yi masa bayani kuma ya fahimta. Ki tafi da zanin ɗaurawa na aiki, ki bar takardar shaidar karatunki a akwati. Ki gaishe da kawunki a durƙushe. In Inna Dije ta tsayar da ke gaban shanu ta ce ki nuna wata, kada ki ɗaga hannu. Ki ce ba ki sani ba, ki karɓi ƙwarya.

Shawarata ta ƙarshe ita ce ta fi yi mini ciwo, shi ya sa na bar ta ƙarshe. Za ki riƙa zuwa gida, kuma na san halina, zan tambaye ki aiki, zan ce a kawo mini hoton sa kaza in gani, zan ba da ra'ayi da murya mai ƙarfi kamar wanda ya sani. Ki saurare ni don ni ubanki ne. Ki tambaye ni yadda ake magana da ma'aikata, da yadda ake raba faɗan manomi da makiyayi a kan burtali, waɗannan na iya su. Amma ranar da za a zaɓi bijimi, ko na roƙe ki, kada ki tafi da ni. Ki tafi da innarki.

Allah Ya tsare ki a hanyar Gwaram da ta Zandam, Ya tsare ki daga kofato da ƙaho, da yabon mutane. Allah Ya sa albarka a aurenki da aikinki, Ya ba ki haƙurin da ban yi ba. Innarki tana gaishe ki, ko da yake ita ce za ta saka miki takardar cikin kaya. Ki gai da maigidanki da kyau. Na bar ki a hannun Wanda ba a ba Shi ajiya ta ɓata.

Ni ne,
Babanki, Birnin Kudu.